Na'ura ta ce ƙodata ta yi rauni: in sayi maganin Sin?

Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto: Assalamu alaikum. An gayyace mu wani taro, aka ba ni wani ƙarfe na riƙe, sai kwamfuta ta fitar da takarda wai ƙodata da hantata sun yi rauni. Suka ce gwajin likitancin Sin ne, suka rubuta mini magani kwali huɗu. Ina da hawan jini, ina kan maganin asibiti. In saya?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki saya, kuma don Allah kada ki ajiye maganin hawan jininki ko na kwana ɗaya. Wannan ƙarfen ba ya auna ƙoda, ba ya auna hanta, kuma babu ruwansa da likitancin gargajiya na Sin.

Ga yadda masu sana'ar suke duba marar lafiya, yadda tushensa ya zo a tsohon littafinsu Huangdi Neijing mai shekara fiye da 2,000. Hanyoyi huɗu ne: kallo, saurare da sansana, tambaya, da taɓawa. Mai magani zai ce ki fito da harshe, ya ga ko ja ne ko ya koɗe, ko akwai shatin haƙora a gefensa, ko abin da ya kwanta a samansa fari ne ko rawaya. Zai ɗora yatsu uku a wuyan hannunki na dama da na hagu, ya danna sama-sama, ya sake dannawa da ƙarfi, domin littattafansu sun kasa bugun jijiya kusan kashi 28. Sannan tambaya: barci, gumin dare, ƙishirwa, fitsari, bayan gida, al'ada, ko ruwan sanyi kike so ko na ɗumi.

Daga nan sai ya yanke hukunci: ciwon na sanyi ne ko na zafi, a waje yake ko ya shiga ciki, wani abu ne ya yi ƙaranci a jiki ko ya yi yawa, duka a ƙarƙashin abin da suke kira yin da yang, wato ɓangarori biyu masu kishiyantar juna. Shi ya sa mutum biyu za su zo da ciwon kai, kowa ya tafi da haɗinsa daban, in sun dawo bayan mako ɗaya ko biyu a sake duba harshe a canza haɗin. Haka wani likitan Sin mai suna Zhang Zhongjing ya tsara tun wajen shekara ta 200 miladiyya. Wanda ya ba duk mahalarta taro kwali iri ɗaya, ko a ma'aunin Sinawan ma ya saki hanya.

Akwai kuma abin da ke rikita mutane. In mai maganin Sin ya ce ƙoda ta yi rauni, yana nufin tarin alamu irin su ciwon baya, ƙarar kunne, yawan fitsarin dare da kasala. Ba lalle ne yana nufin ƙodar da ake wa wankin ƙoda ba. Ni a ganina alherin wannan tsari shi ne natsuwar da ake yi a saurari marar lafiya. Amma harshe da bugun jijiya ba sa nuna sukari, ba sa nuna ciwon daji, kuma masu sana'ar kansu sukan saɓa wa juna a kan mutum ɗaya.

Tunda kina da hawan jini, damuwarki kan ƙoda tana kan hanya. Je ki asibiti a yi miki gwajin jini na aikin ƙoda da gwajin fitsari.  Ki kuma sani ganye ma yana kashe ƙoda. A Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 sun kamu da mummunan ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da aka yi kuskuren sa masa wata saiwar Sin mai guba, dangin Aristolochia. Da yawansu sai da aka kai ga wankin ƙoda ko dashe.

Wani magidanci daga Maraɗi: Na ji maganin zazzaɓin cizon sauro na asibiti daga ganyen Sin aka samo shi. Ba gara in sayi shayin ganyen in ajiye wa yara ba?

Abin da ka ji gaskiya ne, Malam. Ganyen shi ne qinghao, ɗan'uwan tazargade. Wata masaniyar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta sun duba rubutun wani mai magani, Ge Hong, na ƙarni na 4, inda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse, ba a dafa ba. Wannan ya sa suka gane zafi na lalata sinadarin, suka tace shi ba tare da wuta mai yawa ba, suka samu atemisinin a 1972. A kan haka ta samu kyautar Nobel a 2015.

To amma shayi ba shi da awo. Ganyen wannan gona da na waccan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Zazzaɓi zai iya lafawa alhali ƙwayar cutar na nan, ya dawo wa yaro da ƙarfi, kuma irin wannan rabin magani shi ke koya wa cutar taurin kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi maganin zazzaɓin cizon sauro da shayin ba. Kuɗinka ka sa shi a gidan sauro, in jikin yaro ya yi zafi a yi gwaji, in an samu a ba shi maganin haɗi na kwana 3 har ya ƙare.

Wani direba daga Kano: Ciwon baya ya dame ni. Alluran nan na Sinawa da ake sokawa a jiki suna aiki?

Ga ciwon baya, wuya ko gwiwa da ya daɗe, wasu kan samu sauƙi, ko da yake ba mai yawa ba kuma ba kowa ba. Likita ya fara duba ka, musamman in ƙafa na mutuwa ko fitsari na kufce maka. In za ka gwada, a buɗe sababbin allurai a gabanka, a jefar bayan an gama, saboda ciwon hanta da ake ɗauka ta jini. Kada ka biya kuɗin zama da yawa gaba ɗaya. In ka je 'yan lokuta ba canji, ka tsaya.

Wata matashiya daga Kumasi: Ta yaya zan san maganin halal ne?

Tambaya mai kyau, 'yar'uwa, domin ba duka ne ganye ba. Kundin likitan Sin Li Shizhen da aka buga a 1596 ya ƙunshi magunguna 1,892, ciki har da ma'adinai da sassan dabbobi. Wasu a giya ake jiƙa su. Akwai ejiao, wanda ake dafa fatar jaki a yi, ana sayar wa mata a matsayin maganin ƙarin jini. Nemansa ne ya sa jakuna suka yi tsada a kasuwanninmu, har Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024.

Kwalin da rubutunsa duk na Sinanci ne, ba ki san abin da ke ciki ba, ki bar shi. Ki nemi jerin kayan haɗi, ranar lalacewa, da lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta Ghana, wato FDA. 'Yan Najeriya su duba ta NAFDAC. Lambar ba shaida ba ce cewa maganin na warkarwa, amma akwai wanda za a kama in an samu matsala. Na ƙarin kuzarin maza da na ciwon gaɓoɓi su aka fi samu da maganin bature a ɓoye. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai shan maganin tsinka jini kuwa, kada su sha kowanne sai sun kai kwalin wa likita ya gani.