An Yi Awon Gaba da Kyamarorina Biyu a Dajin Gwamnati, Wacce Zan Saya Yanzu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Pensilbaniya ta Amurka, shekara uku ke nan ina yankar lasisi ina fita farautar barewa a dajin gwamnati. Bara na ɗaura kyamarori biyu, irin waɗanda ake maƙala wa bishiya su riƙa ɗaukar hoton duk dabbar da ta gifta. Kowacce ta haura dala 100. Da na koma bayan mako uku ban tarar da ko ɗaya ba, sai guntun igiya yana reto. Yanzu ina so in sayi mai turo hoto kai tsaye a waya, in haɗa da akwatin ƙarfe da kwaɗo. Ya dace, ko zan ƙara yin asara ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri. Ban ga inda ka ɗaura su ba, amma ina iya cewa daidai ƙirjinka suke, a bakin turbar da kowa ke bi, ba nisa da inda ake ajiye motoci. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko, kuma haka aka yi mini.

Dazukan farauta na gwamnatin Pensilbaniya sun kai kimanin eka miliyan 1.5, kuma a buɗe suke ga kowa. Ba maharba kaɗai ke shiga ba, akwai masu yawon shan iska da masu tsintar ƙahon da barewa ke zubarwa a ƙarshen hunturu. Yawancinsu za su ga kyamararka su ɗaga mata hannu su wuce. Mutum ɗaya cikinsu ya isa ya sa ka kuka. Shi kuma ba daga gida ya fito da niyyar sata ba, gani ya yi, zuciya ta raya masa. Saboda haka kuɗin da za ka kashe kan ƙarfe, gara ka fara kashe ƙarfinka wajen hana ido ganinta.

Mai tafiya a daji ƙasa yake kallo, yana neman sawu da kashin barewa, ko yana gudun tuntuɓe. Da wuya ya ɗaga kai. To ka haura da ita ƙafa 10 zuwa 12. Sandar hawa guda ɗaya, irin wadda ake ɗaura wa bishiya da ɗamara, ta ishe ka; in ka sauko ka kwance abinka ka tafi da ita. Ka cusa ɗan kara ko guntun itace a bayan kan kyamarar don ta sunkuyo ta kalli ƙasa. Akwai abin da za ka rasa: filin da take gani zai ragu, barewar da ta ratsa ta gefe ba za ta shiga hoto ba. Na yarda da wannan cinikin. Hoto kaɗan ya fi babu kyamara.

Sai ɗamarar da ke zuwa a kwalin kyamarar. Ita ce babbar mai tona asiri. Baƙar ɗamara mai faɗi da ta zagaye bishiya ana hango ta daga nesa, har ta bayan bishiyar, domin babu abin da ke miƙe sambal a kwance cikin daji. Ka sauya ta da siririyar igiya mai launin ɓawon itace. Ka nemi bishiya mai rassa ko mai tagwayen kututture, wadda kyamarar za ta shige tsakaninsu. Kada dai ka huda itacen da kusa ko noti, doka ta hana lahanta bishiya a dajin gwamnati, tara za ka sha. In da hali ka fuskantar da ita arewa, don kada hasken rana ya riƙa ruɗin ta tana ɗaukar hoton banza har batir ya ƙare.

In za ka saya, ka duba fitilar dare. Iri biyu ne. Mai lamba 850 tana yin ɗan jan haske kamar garwashi idan ta ɗauki hoto, wanda ya shigo da asuba zai gan shi. Mai lamba 940 ba ta nuna komai. Hotonta na dare ya fi duhu kaɗan, amma ita ce ta dajin jama'a.

Yanzu ga batun kwaɗo. Igiyar ƙarfe irin Python ta kamfanin Master Lock tana da amfani, tana tsayar da mai ɗauke-ɗauken da ya zo hannu rabbana. Wanda ya koma mota ya ɗauko almakashin yankan ƙarfe kuwa, minti ɗaya bai cika ba ya gama. Akwatin ƙarfe ya fi yi maka maganin beya, baƙar dabbar nan da ta yi yawa a arewacin jiharku, wadda ke son tauna kyamara in ta ji ƙanshin hannun mutum a jiki. Ga ɓarawo kuwa, akwatin yana ƙara wa abin girma, har ya zama shela cewa ga kaya mai tsada. Abin da nake so da kwaɗo shi ne ɗan ƙaramin da ke kulle murfi, domin wasu ba kyamarar suke so ba. Katin hotunan za su zare su ga ko akwai babban namijin barewa a wurin, su bar maka fanko kana can kana jiran tsammani.

Mai turo hoto a waya, irin su Tactacam Reveal da Spypoint da Moultrie, ba ta hana sata. Abin da take yi shi ne ta turo maka fuskar mutumin kafin ya kashe ta, in ka yi sa'a bai ɓullo ta baya ba. Tana bin kuɗin wata, eriyarta tana fitowa tsirit ana gani, kuma cikin kwazazzabai da yawa babu sabis sam. Ka je wurin ka duba wayarka kafin ka biya. Amfaninta na gaskiya wani ne daban: tana hana ka zarya. Duk zuwa duba kati kana tattake ciyawa, bayan zuwa huɗu ka fitar da turba har gindin bishiyar. In ƙanƙara ta sauka kuwa, sawunka kaɗai ya isa ya yi wa ɓarawo jagora.

Da ni ne kai, ga yadda zan raba kuɗin. In sayi masu araha uku, na dala 30 zuwa 40, waɗanda in sun ɓata ba za su hana ni barci ba. In sa musu batirin litiyam saboda sanyi. In yi tafiyar aƙalla rabin sa'a daga mota, in tsallaka rafi ko in hau tudu, tunda yawancin mutane ba sa son jiƙa takalmi. Mai tsadar kuma in bar ta sai na sami gonar wani da ya ba ni izini. Kuma in kwashe su duka kafin buɗe farautar bindiga, wadda a jiharku ke faɗowa ranar Asabar ta bayan bikin Godiya a ƙarshen Nuwamba. Ranar nan dajin cika yake kamar kasuwa.

TAMBAYA: Malam, zan je farauta wata jiha tare da abokai. In tafi da kyamarorina?

AMSA: Ka karanta dokar jihar tukuna, ɗan littafin da ake bayarwa tare da lasisi. Arizona ta hana amfani da su wajen farauta gaba ɗaya tun 1 ga Janairu 2022. Kansas ta hana ɗaura su a filayen farauta na gwamnati a 2023. Utah da Nevada suna hana su a filayen gwamnati a watannin farauta. A irin waɗannan wurare, wanda ya cire maka kyamara yana iya zama jami'in gandun daji, kuma ba zai tsaya nan ba.

TAMBAYA: Na ɓoye kyamara ta biyu a sama tana kallon ta farko, kuma ta ɗauki hoton wanda ya sace. Na ma gane motarsa. In tare shi, ko in watsa hoton a Facebook?

AMSA: Dabararka ta yi, amma kada ka tare shi. Kai da bindiga, shi da bindiga, a daji, kan kyamara guda. Watsa hoto kuma yana iya juyowa kanka in aka yi kuskuren kama. Ka kai hoton wurin jami'in gandun daji ko 'yan sanda, tare da rasit da lambar da ke jikin kyamarar. Ba ka rubuta lambar ba ko? Yawancinmu ba ma yi. Daga yau ka ɗauki hotonta tun a kwali, ka kuma zana sunanka da lambar wayarka a cikin gidan batir, inda ba za a yi saurin gani a kankare ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni manomi ne a Bauchi. Ƙanena zai taho mini da mai turo hoto daga Amurka in sa a gonar kankana. Za ta yi?

AMSA: Ka ce masa ya dakata. Da yawa daga cikinsu layinsu a haɗe yake da kamfanonin wayar can, irin su Verizon da AT&T, ba za su kama sabis a gida ba. Ya nemi wadda ake buɗewa a sa mata kowane sim, ko ya sayo mai kati kawai. Ka ɗaura ta can cikin rassan darbejiya da kanka bayan magariba, ko yaron gona kada ya sani.