Malam wani soja ya kawo min bindiga in goge masa lambar jikinta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai walda ne, wani maƙwabcina soja ya kawo min AK wai a daji suka ƙwato ta hannun 'yan bindiga, yana so in gurje lambar jikinta don ya sayar wa 'yan sa-kan ƙauyenmu su kare kansu, zai ba ni kuɗin aiki mai tsoka. Ya ce ganima ce. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa Allah ya saka maka da ka tambaya kafin ka kunna inji. Na san halin da ƙauyukanmu ke ciki kuma ba na raina tsoron da ya sa mutane ke neman makami, amma wannan aikin haramun ne, kuɗinsa ma haramun ne, kar ka taɓa.

Abin da ya yanke hukuncin shi ne gogewar kanta. Mai kayan halal me zai sa ya nemi a ɓatar da shaidarsu? Lambar nan da kamfani ya buga ita ce ke cikin rajistar ma'ajiyar makamai, da ita ake sanin wace ƙasa ta saya, wace runduna aka ba, wane soja ya sa hannu ya karɓa, yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ma ta wajabta sa wannan alama. Kuma yi wa dukiyar jama'a alama ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Anas ya ga Annabi (SAW) da ƙarfen lalas a hannunsa yana yi wa raƙuman zakka alama.

To maganar ganima, ita ce zan daɗe a kai don na ji wasu na yaɗa ta har suna kawo hadisin wanda ya kashe abokin gaba kayan jikinsa nasa ne. A mazhabar Malik ba a ɗaukar wannan kayan sai shugaba ya ba da izini, shi kuwa maƙwabcinka shugabanninsa cewa suka yi duk abin da aka ƙwato a miƙa a rubuta, albashi yake ci a kan haka. Sannan 'yan bindigar daji 'yan fashi ne, abin da aka samu hannun ɗan fashi ba ya zama ganima, mai shi ake mayar wa, kamar shanun da aka ƙwato ai ba wanda zai ce soja ya kai su kara ya sayar. Kuma wa ya ce maka bindigar ba ta hukuma ba ce tun asali? Da yawa daga sansanin da aka kai wa hari suka fito, wataƙila ta wani soja ce da aka kashe ya bar marayu, wataƙila kuma wani maci amana ne ya sayar daga ma'ajiya, lambar ce kaɗai za ta tona shi kai kuma za ka shafe ta da hannunka. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na 2019 ya ce AK-47 guda 88,078 ne 'yan sanda suka kasa ba da bayanin inda suke. Ko da ma ganimar ce, ɗauka kafin rabo gululu ne, wato satar ganima, bargo ɗaya na ganimar yaƙin Khaibar Annabi (SAW) ya ce yana ci da wuta a kan wanda ya ɗauke shi, balle bindiga.

Ka kuma kula da kanka. AK ba wuri ɗaya take da lamba ba, kuma masu bincike suna iya fito da wadda aka gurje da sinadari don bugun ya shiga cikin ƙarfen, ranar da aka kama ta a hannun wani sai an bi sawu har shagonka, sojan zai iya cewa bai sanka ba, kai mai iyali ne. Bindigar da ba lamba yau tana hannun ɗan sa-kai gobe an sayar wa wanda zai tare hanyar kasuwarku.

Idan tana shagonka kar ta kwana. Ka kira shi gefe ka yi masa nasiha cikin mutunci ya mayar ma'ajiyar rundunarsu, in ya ƙi ko ya yi maka barazana ka sanar da mai gari ko wani babban jami'i da ka aminta da shi ba tare da ka jefa kanka cikin haɗari ba. Su kuma 'yan sa-kan su bi ta hannun hakimi da DPO a yi musu rajista. Wallahu a'alam.