Robar shaf ta yage, giris na fita

Malam, ka ce baƙin giris ya fantsama a bayan tayar gaba, kana tambaya ko sai ka canza shaf gaba ɗaya. A'a, robar da ke rufe joyin ce ta yage, wato mahaɗin da ke bakin shaf, ƙarfen da ke juya tayar. Murɗe sitiyari har ƙarshe ka leƙa, za ka ga tsagar a cikin lanƙwasarta. Ka sa bakanike ya cire, ya wanke joyin tas, ya cika da baƙin giris irin nasa, ya sa sabuwar roba da kilif na ƙarfe. Kar ka yarda ya ɗaure da waya.

Amma in kana jin ƙas-ƙas-ƙas idan kana shan kwana a hankali, yashi ya riga ya ci joyin, roba kaɗai asarar kuɗi ce. Ni wata 2 na yi ina cewa sai gobe, ƙarshe joyin na saya.