Yaya, Ga Abin Da Ya Riƙe Yaranmu A Amurka

Yaya, na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce ka rasa gane kan yaranmu na nan: sun gama jami'a, albashi da dala, amma an haura talatin ba aure ba fili, sai waya mai tsada da hotunan yawo. Ba ka yi laifi ba da ka tambaya. Akwai dai abin da hoto ba ya ɗauka, shi ne bashin karatu.

A nan jami'a kuɗi ce tsababa. Yaro na ajin ƙarshe a sakandare za a cike masa takardar FAFSA, wato takardar neman tallafin karatu daga gwamnati, a duba samun iyaye, a ba shi ɗan tallafi idan ya cancanta, ragowar kuma rance. Ɗan shekara 18 ya sa hannu a kan kuɗin da ko a mafarki bai taɓa ƙirgawa ba. Wata shida da kammalawa takardar biya ta fara zuwa, kuma tsarin da aka saba shekara goma ne. Mutum fiye da miliyan 40 ke ɗauke da wannan kaya, jimillarsa ta wuce dala tiriliyan 1.6. Mai karatun likita kan fito da bashin wajen dala dubu 200. Ko mutum ya karye ya je kotu, da wuya a sauke masa shi.

Waɗanda aka haifa tsakanin 1981 da 1996 su suka fi shan wuya, don da yawansu sun fito ne daidai lokacin da tattalin arziki ya durƙushe a 2008, ga digiri ba aiki, kuɗin ruwa kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Da Biden ya ce zai yafe wa mutum dala dubu 10 zuwa 20, wallahi gidaje da yawa sun yi murna. Kotun Ƙoli ta rushe shirin a Yunin 2023.

Kuɗin ruwan nan shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. A masallatanmu na unguwar Bronx a birnin New York, mu da 'yan Nijar da 'yan zangon Gana, an sha tayar da maganar bayan sallah. Wasu malamai sun ce larura ce, wasu sun ce a nemi wata hanya. Shi ya sa za ka ga muna tura yaro kwalejin shekara biyu mai sauƙin kuɗi, daga nan ya ƙarasa a jami'ar birni ta CUNY, yana kwana a gida yana cin tuwon uwarsa. Mata na zuba adashi, ranar kwasa a kai kuɗin makaranta. Wanda ya riga ya ci bashin kuma, burinsa ya biya da wuri ya huta da riba, ko da zai zauna ɗakin iyayensa har shekara talatin. A wurinmu wannan ba abin kunya ba ne, ni ma nakan ba da shawarar haka.

Wayar da ka gani biyan wata-wata ce, kuma da ita ake aiki. Ban ce babu masu almubazzaranci ba, akwai su, muna yi musu faɗa. Amma abin da ke cinye albashi haya ce da inshorar lafiya da bashin nan. Saurayi na da nasa, budurwa na da nata, ga sadaki ga lefe ga kuɗin kama gida. Ka ga dole magana ta ja.

Da ka ce ɗanmu zai nemi rancen NELFUND, asusun rancen karatu na gwamnatin Najeriya, na ji sanyi da na ga babu ruwa a ciki, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Duk da haka ku zauna ku karanta takardar tare kafin ya sa hannu.

Kuɗin rufin kwanon da 'yarka ta yi alkawari suna nan tafe in sha Allahu, sai dai a kashi uku, don nata bashin saura shekara biyu. A gaida Hajiya da yara.