Abin yauƙin da ka gani bayan faɗuwar tauraro

Malam, ka ce da daddare ka ga tauraro ya faɗo ta wajen Kufena a Zariya, da safe kuma ka tarar da wani abu mai yauƙi kamar kafaffen koko a gonarka, kana tambaya ko shi ne. Ba shi ba ne. Mutanen Birtaniya ma sun daɗe da wannan camfin, 'yan Wales har "ruɓin taurari" suke ce masa.

Abin da ke ratsa sama ɗin tsakuwa ce, galibi ba ta wuce ƙwayar gero ba, kuma tana ƙonewa tun tana nisan kilomita 80 zuwa 100. Yauƙi ba zai tsira daga wannan wutar ba.

Ni na fi zargin wata gansakuka mai suna Nostoc. Da rani baƙin ɓawo ce a ƙasa, ba mai kula ta. Ruwa na sauka sai ta kumbura cikin dare, kore-kore, tana santsi. A watan Agusta kuwa ga marka, ga yawan faɗuwar taurari, shi ya sa ake haɗa su. Wani lokaci kuma yauƙin cikin kwaɗo ne da tsuntsu ya amayar.

Kada dai a lasa ko a shafa wai magani ne. Ɗebo kaɗan a kwalba, ka kai wa masana tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru su duba.