Tambayoyi da Amsoshi: Zaɓen Kamfanin Wuta da Gas a Birtaniya ta Wayar Hannu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Birmingham. Ni da maigidana mun sayi gidanmu na farko, ƙarshen watan nan za mu karɓi makulli in sha Allah. Duk zaman hayar da muka yi, kuɗin wuta da gas a cikin kuɗin haya yake, ban taɓa ganin takardarsu ba. Yanzu na shiga intanet na tarar da kamfanoni birjik, kowanne na cewa shi ne mai arha. Ta ina zan fara, kuma wane shafi zan yarda da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya sa ku shiga a sa'a.

A gida Najeriya babu wannan ciwon kan, domin mutumin Kano ko Katsina ko Jigawa KEDCO ce tasa, ya so ko ya ƙi. A Birtaniya kuwa zaɓi naki ne, amma ki san abin da kike zaɓa. Wayar da ta kawo wuta gidan da bututun da ya kawo gas ba sa canzawa, ko British Gas kika ɗauka, ko Octopus Energy, ko EDF, ko OVO. Wani kamfanin daban ne ke kula da su a yankinku. Shi ya sa idan wuta ta ɗauke 105 ake kira, idan kuma aka ji warin gas a kira 0800 111 999, ko da wa ake hulɗa. Abin da kike zaɓa shi ne wanda zai riƙa yi miki lissafi yana karɓar kuɗinki, da farashin da zai sa miki.

Aikin farko ba na shafin intanet ba ne, na kyamarar wayarki ne. Ranar da kuka karɓi makulli, tun kafin a sauke katifa, ki nemo mitocin biyu ki ɗauki hotonsu. Ta wuta galibi tana ƙarƙashin bene ko kusa da ƙofar shiga, ta gas kuma sau da yawa tana cikin wani farin akwati a jikin bangon waje. Ki tabbatar alƙaluman sun fito tar, da lambar jikin mitar. Ki tura wa kanki hotunan ta imel, saboda ko waya ta ɓace kwanan watan yana nan. Daga wannan ranar, doka ta ɗauke ku a matsayin abokan cinikin kamfanin da tsohon mai gidan yake tare da shi, ko ba ku sa hannu a komai ba. Hoton nan ne zai raba bashinsa da naku. Idan kuma mitar kati ce ko ta makulli kuka tarar, kada ki zuba mata ko kwabo sai kin kira kamfanin sun buɗe miki asusu da sunanki, in ba haka ba kina iya biyan bashin wani.

Idan wanda ya sayar muku bai faɗi kamfanin ba, shafin Find My Supplier zai nuna miki na gas da zarar kin sa lambar unguwa, tare da lambar shaidar layin gas ɗin gidan da ake kira MPRN. Na wuta kuma kamfanin da ke kula da layukan yankinku zai gaya miki, lambar shaidar layin wutar gidan kuma ita ake kira MPAN. Idan kin gano masu sayar wa gidan wuta da gas, ki kira su ko ki cike fom a shafinsu ki ba su alƙaluman ranar farko. Wannan yarjejeniyar da kika gada ba ta da tarar fita, duk ranar da kika ga dama ki bar su.

Sai maganar shafukan kwatanta farashi irin su Uswitch da MoneySuperMarket. Suna da amfani, amma dillalai ne, la'ada suke samu idan kika sauya kamfani ta hannunsu. Saboda haka wasu sukan fara jero miki kamfanonin da suke da yarjejeniya da su kawai. Ki nemi wurin da ake latsawa a nuna dukkan farashin kasuwa, kuma ki duba ko shafin yana ɗauke da alamar amincewar Ofgem, hukumar da ke sa ido a kan harkar makamashi a Ingila da Sikotland da Wales.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne babban adadin nan da ake rubutawa da manyan haruffa, wai fam kaza a wata. Wannan kintace ne kawai, ba farashi ba. Farashin gaskiya abu biyu ne da ake rubutawa ƙanana a ƙasa: kuɗin kowane yunit, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda, da kuma kuɗin kullum da ake biya ko kun kulle gida kun tafi hutu Kano. Bari in ƙirƙiro misali da wuta. Kamfani na ɗaya yana sayar da yunit kwabo 25, kuɗin kullum kwabo 60. Na biyu yunit kwabo 27, kuɗin kullum kwabo 40. Gidan da ke shan yunit 2,700 a shekara zai biya na ɗaya fam 894, na biyu fam 875. Amma gidan da ke shan yunit 4,000 zai biya na ɗaya fam 1,219, na biyu fam 1,226. Kin ga mai arha a gidan maƙwabcinki yana iya zama mai tsada a naki. Kalkuletar wayarki ta ishe ki wannan lissafin.

Tunda ba ki da tsohuwar takarda, ki roƙi wanda ya sayar muku ya gaya miki yunit nawa suka sha bara. Idan bai samu ba, ki yi aiki da ma'aunin da Ofgem ta fitar a 2023 na matsakaicin gida: yunit 2,700 na wuta da 11,500 na gas a shekara. Ki ɗan ƙara a kan na gas ɗin, domin mutanenmu ba su wasa da hita idan hunturu ya shigo, ga girkin da ke daɗewa a wuta.

Za ki ga farashi iri biyu. Akwai mai hawa da sauka, wanda Ofgem ke sa masa iyaka tun Janairun 2019, kuma yanzu duk wata uku take sake duba iyakar. Iyakar a kan kuɗin yunit da kuɗin kullum take, ba a kan jimillar abin da za ki biya ba, wanda ya sha da yawa zai biya da yawa. Akwai kuma wanda ake ɗaurewa na shekara ɗaya ko biyu. Ni dai ga wanda ya shiga biyan bashin gida, na fi son ɗaurarren na shekara ɗaya, muddin bai ɗara iyakar Ofgem ta lokacin ba kuma tarar fitarsa ba ta da nauyi. A kwanaki 49 na ƙarshen yarjejeniyar ba su da ikon cin ki tarar. Biya ta hanyar cira kai tsaye daga asusun banki duk wata ya fi jiran takarda sauƙi.

Kafin ki latsa amincewa, ki leƙa shafin Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, suna jera kamfanonin bisa yadda suke amsa kira da warware ƙorafi. Kada tsoron ƙaramin kamfani ya hana ki barci. A 2021 kamfanoni da dama sun durƙushe saboda tsadar gas, har da Bulb wanda daga baya Octopus ya karɓi mutanensa, amma ba a yanke wa gidaje wuta ba, kuma kuɗin da mutane suka tara a asusunsu yana da kariya. Sauyawar kanta takan kammala cikin kwanakin aiki 5, kuma kina da kwana 14 na janyewa idan kin canza ra'ayi.

Tambaya: Malam, gidan da na saya a Bradford yana da mitar zamani mai aika lissafi da kanta. An ce idan na sauya kamfani za ta daina aiki. Kuma shin da intanet ɗin gidana take amfani?

Amsa: Maganar tana da tushe, Alhaji, amma ta tsufa. Rukunin farko na mitocin, SMETS1, su ne suke kurmancewa idan an sauya kamfani, sai mutum ya koma karanta mita da idonsa. Rukuni na biyu, SMETS2, duk a kan layin sadarwa ɗaya suke wanda kamfanin DCC ke gudanarwa, kuma an mayar da akasarin na farkon kan layin ba tare da an zo gida ba. Ka tambayi sabon kamfanin ko zai iya karanta taka kafin ka koma.

Ba ruwanta da intanet ɗinka ko datar wayarka, hanyarta daban. Ɗan allon da ake ajiyewa a kicin yana sabunta lissafin wuta cikin 'yan daƙiƙu, na gas kuma sai bayan rabin awa, domin mitar gas da batir take aiki. Idan ka kunna murhu ba ka ga allon ya motsa ba, ba lalacewa ya yi ba. Bayan ka sauya, ka sauke manhajar kamfanin ka kwatanta alƙaluman cikinta da na jikin mitar a watan farko. Idan takardar ta nuna kintace suka yi, ka shigar da alƙaluman da hannunka ka kuma sanar da su.

Tambaya: Saƙo ya shigo wayata wai daga Ofgem, cewa ina da rangwamen kuɗin wuta, in latsa wani adireshi in sa bayanan katin bankina. In latsa?

Amsa: Kada ki latsa. Ofgem ba ta sayar da wuta, ba ta kuma neman lambar katin kowa ta saƙon waya. Ki tura saƙon zuwa 7726, kyauta ne, kamfanin layinki zai bincika lambar da ta aiko shi, sannan ki goge. Idan kin riga kin sa bayanan, ki kira bankinki yanzu ta lambar da ke bayan katin a rufe shi.