Ƙararrawar Ƙofa da Taga: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun makon nan kusan duk a kan abu ɗaya suka tsaya, wato ƙananan na'urorin nan marasa waya da ake mannawa a ƙofa ko taga don su yi kuwwa idan an buɗe. Ga biyar daga ciki.

Tambaya daga wata uwargida a Zariya: Malam, na sayi mai ƙara na manna a ƙofar kicin, amma ko ƙofar na rufe sai ta yi ta ihu. Ta lalace ne?

Amsa: Lafiyarta ƙalau, Hajiya. Ɓangare biyu ce: babbar mai batir, da ƙaramar wadda mayen ƙarfe ne kawai a cikinta. Muddin suna kusa da juna shiru za ta yi, da sun rabu sai ihu. Kin ba su tazara da yawa. Matso da su, kada ratar ta wuce santimita 1, kuma ɗan layin da aka zana a gefen kowacce ya fuskanci ɗan'uwansa.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano: Na sa mai aiki da Wi-Fi a ƙofar sito, na haɗa ta da wayata ta manhajar Smart Life, na gwada da rana saƙo ya shigo. Washegari yarona ya riga ni zuwa ya buɗe, ko ƙyas ban ji ba. Jabu aka sayar min?

Amsa: Alhaji, kafin ka koma ka kama wuyan mai shago, amsa min wannan: da kuka tashi kasuwa kuka kashe janareta, ina Wi-Fi ɗin yake? Na san amsar, domin wannan tambayar ta fi kowacce yawan zuwa min, kuma ita ce ta fi ƙona min rai.

Na'urar nan ba ta da layin waya a cikinta. Idan aka buɗe ƙofa, sai ta farka ta gaya wa rauta, wato akwatin da ke ba da Wi-Fi, rauta ta tura ta intanet zuwa kwamfutocin kamfanin, su kuma su turo wa wayarka. Gaɓa huɗu ke nan, ɗaya ta tsinke zance ya ƙare. Batirin da ke cikin na'urar ita kaɗai yake riƙewa, bai san da zaman rauta ba. To a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wanda ya jona rautarsa a bango kawai ya tafi gida, ya ɗauki maigadin da yake barci daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ɓarawo kuwa ba ya jiran a kawo wuta, duhun ma shi yake so.

Akwai wani ɗan'uwana da ya fi ka. Shi da MiFi, ƙaramar rautar nan ta aljihu, ya haɗa tasa, ya gwada sau uku yana murna, ya kulle shago, ya cire MiFi ɗin ya jefa a aljihu ya hau babur. Sati biyu yana barci da minshari, yana gaya wa mutane shagonsa na ƙarƙashin tsaro. Ranar da na nuna masa abin da ya yi, sai ya ce ai data yake tattali.

Mafita biyu ce. Ta farko, ka ba rautar abincinta na dare: ƙaramin batirin ajiya na rauta, mai ba da bolt 9 ko 12 gwargwadon abin da aka rubuta a jikin cajarta, ko ka jona ta a sola in kana da ita. In MiFi ce, fawa bank ya isa, amma ta kwana a shagon, kuma a tabbata da data a layin. Ta biyu, wadda ni na fi so wa shago da sito, ka sayi ƙararrawa mai akwati da ake sa wa layin waya. Na'urorin ƙofarta suna magana da akwatin kai tsaye ta zangon 433MHz, akwatin yana da batirinsa da jiniya, kuma yana kiranka ko ya turo saƙon tes ba tare da intanet ba. Sai dai ita ma tana da nata tarkon: layin da ba kuɗi ba ya kira, wanda ba a haɗa da NIN ba ana toshe shi, wanda aka daɗe ba a mora ba kamfani yana karɓe abinsa.

Sannan ka tambayi kanka, idan saƙon ya shigo ƙarfe biyun dare kana Hotoro, wa zai je? Sa lambar maigadin layinku a cikin waɗanda za a kira. Gwaji kuma ba da rana ake yi ba ana shan iskar fanka. Kashe komai kamar yadda kake yi in za ka tafi, jira minti goma, sannan ka buɗe ƙofar ka ga abin da zai faru.

Tambaya daga Maraɗi: Ƙofata ta ƙarfe ce, na'urar wani lokaci ta yi aiki, wani lokaci ta ƙi, kuma sau biyu tana faɗowa.

Amsa: Ƙarfe yana janye ƙarfin maganaɗisun, yana kuma tare sigina. Sa ɗan yankin katako ko roba mai kaurin rabin santimita a ƙarƙashin kowane ɓangare. Babbar ta zauna a dogaran ƙofa, ƙaramar a jikin ƙyauren, don ita ta fi jure bugu, kuma a sama ta gefen mariƙi, ba ta gefen hinji ba. Faɗowa kuwa, gam ɗin da ke zuwa da ita ba don zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu aka yi shi ba. Goge wurin da sifirit ya bushe kafin ka manna, ko ka ɗaure katakon da sukuru ka huta.

Tambaya daga wani ɗalibi a Sakkwato: Ta ƙi haɗuwa da Wi-Fi, na gwada ya fi sau ashirin.

Amsa: Sau ashirin, ba ka buɗe 'yar takardar da ke cikin kwalin ko sau ɗaya ba? Zangon 2.4GHz kawai irin waɗannan suke ji, ba sa ganin 5GHz. Mayar da wayarka kan Wi-Fi na 2.4, kunna Bluetooth, danne maɓallin na'urar da allura kamar daƙiƙa biyar har fitilar ta fara ƙyaftawa da sauri, sannan ka nemo ta a manhajar.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Gombe: Saƙon ba ya shigowa sai na buɗe manhajar da kaina. Wayata Infinix ce.

Amsa: Wayar ce ke kashe manhajar a ɓoye da sunan tattalin caji, Tecno da itel ma haka suke. Shiga saitin batir ki cire ta daga waɗanda ake takurawa, ki ba ta izinin tashi da kanta. Tunda kin shiga, duba sauran ƙarfin batirin na'urar. Ni nakan rubuta ranar da na sa batir a ɗan salatif in manna a cikin murfin, ko AAA ne ko CR2032, kuma duk Juma'a in na dawo daga masallaci nakan bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya in buɗe, waya na hannuna.